Maiwar Kaka

Jiya maƙwabciyata ta ƙona busasshen ganyen bedi, wato darbejiya, a tsakar gida. Da hayaƙin ya shigo mini ta taga, sai na ga kaina a ɗakin kakata, a ƙauyenmu na wajen garin Bana, ina 'yar shekara tara.

Kaka, mahaifiyar babanmu, ita ke riƙe da irin shuka na gidanmu. Duk lokacin girbi takan zauna gaban damman maiwa ta zaɓi zangarniyar da ta fi cika, ta murje da hannunta, ta gauraya da toka da ganyen bedi, ta cika tulu uku ta liƙe bakinsu da laka. Daga gidan uwarta ta zo da maiwar nan ranar aurenta. Ba ta nuna da wuri, sai ta sha ruwa har ƙarshen damina, amma furarta fara ce tas, mai garɗi. Matan Gaya kan tare Kaka a kasuwa suna tambayarta.

Shekarar da nake ba ku labari, sojoji ke mulki. Ruwan farko ya sauka, muka fita gona. Baba yana sara da sungumi, ni da Inna muna bin sa muna zuba iri muna rufewa da diddige. Shuka ta fito kore shar. Sai ruwa ya ɗauke. Rana ta yi zafin da ko tsofaffi suka ce ba su san irinsa ba, tun hantsi ƙasa ke ƙona tafin ƙafa. Cikin mako biyu tsiron ya kwanta ya koma kamar zare. Bayan wani yayyafi aka buɗe tulu na biyu aka sake shuka. Wannan ko tsirowa bai yi ba, a cikin ƙasa ya dahu.

Da Baba ya nufi tulu na uku, Kaka ta tsaya masa a bakin ƙofa.

"Wannan ba za ka taɓa shi ba. Damina ta yi nisa, ko ka shuka ba zai kai ba. Na baɗi ne."

"Iya, to bana mi za mu ci?"

"Abin da Allah ya kawo."

Abin da ya zo shi ne jar dawa a kamiyo, babbar motar gwamnati, sai ganyen tafasa da muke tsinka a bakin fadama. Baba ya ƙetare gada zuwa Malanville yin dako. Ƙanena, ɗan shekara biyu, cikinsa ya ƙi jar dawar, duk abin da aka ba shi sai ya dawo. Wuyansa ya kasa ɗaukar kansa. A likita aka ce wa Inna ta ba shi kunun hatsi mai laushi, na gero ko maiwa, alhali kaf ƙauyen babu mai ko tiya ɗaya.

Wata safiya na ji daka a bayan ɗaki. Na leƙa, sai ga Kaka da taɓarya, tulun nan a gefenta baki buɗe, ta sheƙe tokar a faifai.

"Kaka, ba na baɗi ba ne?"

Ba ta ɗago ba. "Shi ma ina so ya ga baɗi. Miƙo mini rariya."

Cokali-cokali aka riƙa ba shi, tulun ya kai mu har Baba ya dawo da ɗan buhun masara. Yaro ya tashi.

Da bazara ta yi, Kaka ta ɗauki sanda ta bi gidajen danginta har Bengou tana cigiyar irin. Kowa ya cinye nasa ko rana ta ƙone shi. Ta dawo da ƙafa a kumbure, ta zauna a kan turmi, ta ce, "Shi ke nan, ta ƙare a hannuna." Baba ya karɓo gero mai saurin nuna wurin malamin gona. Da aka girbe, aka ajiye damman a gabanta ta zaɓa kamar yadda ta saba. Ta shafa su kawai ta koma ɗaki. Ba ta ga wata damina ba.

Yau ƙanen nan nawa ke noma gonar, furfura ta cika masa gemu. Ruwa kan makara, in ya zo ya zo da ambaliya, zafi kuma ya busar da zangarniya tun ba ta yi ido ba. Inda Baba ke ɗaure dami ɗari, shi da ƙyar yake haɗa talatin, 'ya'yansa duk sun koma kabu-kabu a bakin iyaka. A bana ma sau biyu ya yi shuka. Da na je masa jaje, muna zaune a gindin rumbun da babu komai ciki, sai ya ce, "Yaya, wai ita maiwar Kaka, yaya ɗanɗanonta yake?"

Na dube shi. Shi ne ya sha ta ƙarshe a duniya, kuma bai tuna ba.