Wanda Zai Kira Mani Sunan Ɗana

A shekarar da sojoji suka koma bariki aka dawo mulkin farar hula, ɗana na fari yana da shekara goma sha ɗaya, kuma ƙwallo ta shiga ransa. Bayan la'asar nakan bi shi wani fili a wajen Ƙofar 'Yandaka, inda wani malamin firamare yake horar da yara. Mu iyaye bakwai ne ko takwas, a kan wani dogon benci da muke arowa wurin mai shayi.

To ni ba na kiran sunan yaron nan. Ɗan fari ne, ga shi sunan mahaifina aka sa mashi. Ko a gida "kai" nake ce mashi, balle in miƙe cikin mutane ina yabonsa. Sauran ma haka suke da nasu. Sai muka samu dabarar da ba wanda ya zauna ya tsara ta: kowa ya yi wa ɗan wani ihu. Abokin zamana wani Alhaji ne mai sayar da yadi a Babbar Kasuwa, mutum mai murya kamar lasifika. Ɗana na taɓa ƙwallo zai kwarara sunansa, ni kuma in sunkuyar da kai kamar ban ji ba, alhali daɗi ya cika ni. In nasa ɗan ya tare ƙwallo a raga, ni nake rama mashi.

Siyasa ta ɓata mu. Shekaru muna magana ƙasa-ƙasa, rana ɗaya aka sake mana baki, ba mu san inda za mu tsaya ba. Wata rana ya yabi mutumin jam'iyyarsu, ni kuma da ɗan banzan bakina na ce, "Haba Alhaji, ku da aka saye ku da sabulu da atamfa?" Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Washegari ya koma can ƙarshen benci, gaisuwarmu da takan kai minti biyar ta koma "sannu" da "yauwa". Na ce a raina, can ta matse mashi.

Yaron ya ci gaba da wasa, benci shiru. Ranar da ya ci wata ƙwallo mai kyau da ƙafar hagu, ya waiwayo yana neman muryar da ya saba ji. Na buɗe baki, wallahi na buɗe, sunan ya ƙi fitowa. Tari na yi. A hanyar gida, yana bayana a kan babur, ya ce, "Baba, na daina iyawa ne?" Na ce mashi ya riƙe ni da kyau akwai rami a gaba. Abin da na iya faɗa ke nan, kuma har yau ina jin kunyarsa.

Kwana uku ya ce ƙafarsa na ciwo, ba ya zuwa. Uwarsa ta ce mani ƙafa lafiyarta lau, ta gan shi yana buga gwangwani a zaure.

Na haɗiye girman kaina na tafi kasuwa. Na tarar da Alhaji yana auna shadda. Muka gaisa gaisuwa ta gaske, gida, iyali, kasuwa, zafi, har da ciwon gwiwarsa. Sannan na ce, "Alhaji, na yi maka ba daidai ba, ka yafe mani. Yaron wajena ya daina zuwa fili. Ba ya jin ana kiransa."

Ya ninke shaddar, ya ajiye almakashi. Bai ɗaga murya ba, shi da ake jinsa daga bakin titi.

"Malam, komai ya wuce," ya ce. "Gobe ka kawo shi, zan kira shi. Amma tun da ka zo, bari in tambaye ka. Wa ke tsare raga yanzu?"

Na lissafa yaran filin a raina. Ban sani ba.

"Nawa yaron yau mako biyu ke nan da ya ajiye safar hannunsa," in ji shi. "Ni kullum ina zuwa ina zama, ko za ka tambaye ni ina yake."