Ƙarfi Tara, Hankali Biyu

Ɗan ƙanwata ya saka ni a cikin wasan waya, ya ba ni hankali biyu cikin goma. Laifin da ya yi mini ke nan, kuma ba zan yi masa kwaskwarima ba.

Ni ɗan dako ne a kasuwar hatsi ta Azare, ko in ce na taɓa zama. A aji biyar na firamare na bar makaranta. Ina karanta Hausa, ina lallaɓa Turancin jikin buhu. Tun ina saurayi nake sauke gero da wake da riɗi daga motocin Itas da Sakwa, har ranar da bayana ya ce ya gaji. Da na daina ɗauka, abokan sana'a suka ba ni benci a bakin rumfa. Ni ke raba layi: wa zai sauke wace mota, wa ya sha gaban wa, wa ya zagi wa. In na yanke magana ta yanku. Abin da ya rage mini ke nan, bencin nan da maganar da ake ji.

Shi kuwa ɗan ƙanwar tawa karatun kwamfuta ya yi. Ya dawo gida babu aiki, sai shi da abokansa suka ce za su ƙera wasan waya, amma irin namu na gida. Wata ƙasa ce ta ƙarya, mai dodanni da aljanu da wata tsohuwar rijiya da ake neman abin da ke ƙasanta. Mai wasa zai zaɓi mutum ɗaya ya shiga da shi: maharbi, ko maƙeri, ko mai magani, ko ƙato mai ɗaukar kaya.

Saboda ƙaton nan ya riƙa zuwa wurina. Ya tsuguna gefen benci yana tambaya.

"Kawu, yaya ake ɗaga buhu daga ƙasa ba tare da an taimaka ba?"

Na nuna masa da hannu. Na gaya masa yadda ake naɗa gammo, yadda ake taka katako zuwa kan mota, yadda ake riƙe numfashi. Ya ɗauke ni hoto ta gaba, ta gefe. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. An daɗe ba wanda ya tambaye ni komai in ba layi ba.

Ban sake jin labarin ba sai da wasan ya shiga wayoyin samarin kasuwa. Wata rana da hantsi, babu mota, na ga matasan 'yan dako sun haɗa kai a kan waya ɗaya suna ƙyaƙyata dariya. Suna kallon wayar, suna kallona. Na ce a kawo.

Ni ne. Ba sunana, amma ni ne. Ga tsagar fuskarmu ta mutanen Barno da mahaifinmu ya sa aka yi mini. Ga kunnen hagu da ƙugiyar mota ta ɓantare. Ga jar hular da ta koɗe, ga tafiyar da nake yi kafaɗa ɗaya a ƙasa. A gefe an jera abubuwa huɗu da lambobi. Ƙarfi tara. Juriya bakwai. Sauri biyu. Hankali biyu.

"Baba, wallahi kai ne gwarzon wasan," in ji ɗayansu, wani dogo ɗan Chinade mai bakin tsiya. "Kowa kai yake zaɓa. Dodo ɗaya, mari ɗaya."

"To me ake wa dariya?"

Ya nuna mini. Ƙaton ya iso wata ƙofa mai rubutu a jiki. Mai magani in ya zo, karantawa yake ta buɗe. Nawa kuwa sai ya sosa ƙeya, ya ja da baya, ya fasa ta da kai. Can gaba wani aljani ya tare shi ya ce ya ba shi takobinsa ya riƙe masa. Ya miƙa. Amsa ɗaya ce aka ba shi a wurin: "To."

Na mayar masa da wayar.

Da farko a bayan idona ake kirana Hankali biyu. Daga baya aka daina ɓoyewa. Mai shayi ya tambaye ni, "Sukari cokali nawa, Baba, biyu?" rumfa ta kwashe da dariya. Wannan na haɗiye. Wanda ban haɗiye ba shi ne ranar da motar wake ta iso, mutum biyu suka yi gardamar layi, na ce na wane ne. Dogon nan ya kalle ni ya ce, "Hankali biyu ya yanke hukunci," ya haye motar ya fara saukewa. Ba wanda ya hana shi. Har dattawan da muka yi dako tare sai suka sunkuyar da kai suna murmushi. Na zauna a kan benci kamar buhun da aka manta.

Na je gidan ƙanwata bayan la'asar. Ta ga fuskata ta ce, "Yaya, lafiya?" Na ce ɗanta nake nema. Yana ɗakin zaure, kwamfuta a kan cinya. Ya miƙe da fara'a.

"Kawu! Ka ga kanka kuwa? Kai ka fi kowa farin jini."

"Na gani. Wa ya auna hankalina ya sami biyu?"

Fara'ar ta tafi. Ya ce in zauna ya yi mini bayani. Na zauna, don bayana ba ya son tsayuwa.

Ya ce ba ni ya auna ba. Kowane mutum a wasan maki ashirin ake ba shi, a raba a gida huɗu. In an zuba a nan, dole a rage a can. Maharbi yana da sauri, ba shi da juriya. Mai magani yana da hankali tara, amma ko akuya ta ture shi sai ya faɗi. In aka ba mutum ɗaya ƙarfi da hankali duka, kowa shi zai ɗauka, sauran su zama banza, wasa ya mutu.

"Adalci ne, Kawu. Kowa daidai da kowa."

Na ce, "A ina ka taɓa ganin haka? Alhajin da muke sauke wa kaya yana da lafiya, yana da wayo, yana da dukiya, ga 'ya'ya. Me aka rage masa? Ga makahon bakin masallaci, ciwon ƙafa gare shi kuma. Me aka ƙara masa?"

"Ai shi ya sa wasa ne. In aka yi shi kamar duniya ba wanda zai buga."

"Amma kunnena ka yi shi kamar duniya. Tsagata ka yi ta kamar duniya."

Ya ce bai yi tunanin za a kai abin kasuwa ba, shi girmama ni ya yi niyya. Na yarda da shi, kuma yardar ba ta rage mini komai ba. Na ce ya cire fuskar. Ya ce zai iya, amma an riga an san ko wane ne, ko ya sa masa fuskar wani, sunan ba zai sake ni ba muddin ana buga wasan da ƙaton nan.

Ya juyo da kwamfutar. "Bari in gyara. In mayar da hankali biyar. Sai dai ƙarfi ya sauko shida."

Ya taɓa wani abu, ƙaton ya fito a fuskar kwamfutar. Ya sunkuya, ya rungumi wani dutse, ya riƙe numfashi yadda na koya masa, ya ɗaga shi cak ya aza a kafaɗa. Haka nake yi. Wallahi haka nake yi a da. Na daɗe ina kallo. Yanzu butar alwala in ta cika sai na lallaɓa.

"Kawu? In rage?"

Na gaji. Ba fushi ba ne ma a lokacin, gajiya ce kawai.

Na ce masa, "Ba ciniki na zo yi da kai ba. Tun da ni ka zana, to ka zana ni. Ka sa ƙarfi biyu, don abin da ya rage ke nan. Sauri ɗaya. Juriya ka bar ta, da ita nake zaune a gabanka. Hankali ka sa abin da ka ga dama, ba kai ke rabawa ba. Sauran makin ka riƙe abinka."

"Kawu, ai in na yi haka ba wanda zai ƙara zaɓensa."

"Na sani. Ni ma da ƙarfin ya ƙare ba mai motar da ya ƙara zaɓena, kuma ban mutu ba. Su daina ɗaukarsa, su manta da shi, in koma bencina a ji maganata. Ka gyara yau. In kuma ka tashi neman wawa mai ƙarfi, ka ƙirƙiro naka, kada ka sake zuwa ka tsuguna a gabana kana ce mini Kawu."