Garkuwar da Ƙugiya ke Ratsawa

A shekarun da nake gyaran waya a Jimeta, mu biyar ne muke buga wani wasan yaƙi na intanet duk Asabar bayan la'asar, a kan benci ƙarƙashin dalbejiya a Limawa. Asabar muka zaɓa saboda ɗayanmu, wani malamin firamare ɗan kudancin jihar, ranar Lahadi yana coci. Kowa da wayarsa da jaruminsa, muna karawa da wasu biyar da ba mu taɓa gani ba. Doka ɗaya muke da ita: wanda ya jawo mana faɗuwa sau uku a jere sai ya tashi ya ba ɗaya daga cikin masu kallo da ke jira wuri. Ni na kawo dokar, har alfahari nake yi da ita.

Babbanmu, wanda muke kira Hamma, manomi ne daga Vinikilang. Injin casar shinkafa ya cinye masa yatsu biyu na hannun dama tun yana saurayi, don haka a cinya yake ɗora wayar ya riƙa dannawa da sauran. Duk mako sai ya ƙetaro gada a tsohon babur ɗinsa saboda bencin nan. Ya taɓa gaya mini nan ne kaɗai ba a kallon hannunsa.

Jarumarsa wata mata ce mai garkuwa. Aikinta ta tsaya gaba ta ɗaga, mu kuma mu fake a bayanta. A bayanin da ke rubuce cikin wasan an ce garkuwar tana tare komai. Amma akwai wani jarumi mai jefa ƙugiya ya fizgo mutum. Yau ƙugiyar ta bugi garkuwa ta faɗi, gobe ta ratsa ta kamar labule, ta fizge ɗayanmu a gama da shi.

"Wallahi na ɗaga," in ji Hamma. "Garkuwa ya tashi, ni na gani da idona."

"Ka makara ne kawai, Hamma," haka muke ce masa kullum.

Ranar da abin ya faru karo na uku a jere, ni ƙugiyar ta fizga, raina kuma ya ɓaci. Na ce, "Hamma, doka doka ce." Da na tsaya nan da sauƙi. Sai bakina ya ƙara da cewa, "Wasan nan yana son yatsu."

Bai yi faɗa ba. Ya sa wayarsa a aljihu, ya ce ba komai, ya tayar da babur.

Ni na karɓi mai garkuwar. Asabar ɗin farko ƙugiya ta ratsa ni sau biyu, alhali na ɗaga a kan lokaci. Na ce netwok ne, nan take kowa ya yarda. Ba wanda ya kalli hannuna. Na gane abin tun ranar, amma kunya ta sa na ja bakina na yi shiru har wata biyu. Wannan shirun ya fi maganar da na faɗa damuna.

Daga baya aka sabunta wasan. Malamin, wanda shi kaɗai ke da haƙurin karanta dogon Turancin da ke zuwa da sabuntawa, ya ɗago kai ya fassara mana: waɗanda suka ƙera wasan sun ce sun gyara wani kuskure, wai in mai ƙugiya ya jefa yana cikin tsalle, garkuwar ba ta tarewa.

Washegari na ƙetare gada. Na tarar da Hamma a ƙofar gida yana ɓarar masara. Bayan gaisuwa na kwashe komai na faɗa masa, har da wata biyun da na yi shiru, na ba shi haƙuri, na ce ya dawo, wurinsa na nan.

Ya ci gaba da murza masarar.

"Ashe ba ni ba ne," ya ce, da ɗan murmushi. "Ka san bayan na bar ku, kullum in na dawo daga gona sai na zauna ina gwadawa ni kaɗai. Ina ɗagawa, yana wucewa. Sai na ce to, yaran nan gaskiya ne suka faɗa, hannun ne. Na goge wasan."

Na rasa inda zan sa idona.

Ya turo mini kwando ya ce in taya shi. Na zauna muka yi ta ɓara har aka kira magariba, ban ƙara tayar da zancen dawowa ba, shi ma bai tayar ba.