Masu Rainon Mbah Sarijan

Katangar gora ce kawai tsakanin rumfar da nake soya ayaba da gidan Mbah Sarijan, don haka ko tari ya yi ina ji. Tsoho ne mai taurin kai, kuma duk ƙauyenmu na bayan garin Klaten a tsibirin Java babu wanda ya kai shi kiwon amadin, ƙananan tsuntsayen nan masu jan kai da rawayan ciki.

Asalin tsuntsayen na matarsa ne, marigayiya Mbah Wagiyem. Ta sayi mace da namiji shekarar da suka dawo daga aikin gonar manja a Malesiya, inda suka daɗe, suka bar 'yarsu Tumirah tana jaririya a hannun kaka. Da matar ta rasu, tsohon ya ɗauki jikokin tsuntsayen nan tamkar su ne sauran numfashinta a gidan.

Yadda yake kiwon kuwa shi ne yadda kowa ke yi a nan. Amadin ta saka ƙwai a sheƙar zaren kwakwa, sai ya kwashe da ƙaramin cokali ya kai wa emprit, wasu tsuntsaye masu launin ƙasa da ba sa ƙin kwanci a kan ƙwan kowa. Su ƙyanƙyashe, su ciyar. Ita kuwa uwar, ganin sheƙa wayam, sai ta sake sakawa.

"Mbah, ka bar su su ɗanɗana wahalar 'ya'yansu mana," na ce masa wata rana.

"Ke Parmi, ki ji da ayabarki da ke ƙonewa. Mai kyau ba ta raino."

Bana damina ta zo da wani sanyi mai ɗoyi. Emprit suka fara kumbura gashi suna rufe ido da rana tsaka. Kullum da safe sai in ga tsohon ya fito da abu a dunƙule cikin hannu, ya nufi gindin gwanda ya binne. Gidan da hayaniyarsa ke hana ni jin mai saye ya yi tsit, kuma wallahi shirun nan ya fi hayaniyar damuna. Kafin wata ya ƙare babu emprit ko ɗaya, a kasuwar tsuntsaye ma cutar ta share su. Amadin ma ba su tsira ba, suka rage biyu, macen ta tsufa, ga ƙwai a sheƙa wanda wataƙila shi ne na ƙarshe.

Ya mayar da kejin lungu, ya rufe shi da zanen matarsa, ya hana kowa wucewa. Ya zuba gero da garin ɓawon ƙwai. Na leƙa na ga macen a kan sanda tana gyaran fiffike. Takan sauko bakin sheƙa, ta karkata kai ta dubi ƙwan kamar tsakuwa, ta koma. Ita a ƙarƙashin emprit ta tashi, uwarta ma haka.

"Ki hau mana, 'yar nan, ki hau," yake mata magiya. Tausayinsa ya kama ni sosai.

Ranar da abin ya ƙare, yana tsaye da ƙwai ɗaya a tafin hannu, ya kai kumatu ya ji sanyi ƙalau. Sai ga babur a ƙofa. Tumirah ce ta sauka da goyo da babbar jaka. Ta gaishe shi, ta ce ta samu aiki a Taiwan, jirginta jibi, ta kawo yaron ne a riƙe mata.

"Ki zauna ki raini ɗanki, 'yata," ya ce. "Yaro sai da ɗumin uwarsa."

Ta dube shi ba fushi ba raini, ta kwance goyon ta miƙa masa.

"A wurin wa na gani, Baba?"

Bai iya karɓa ba, don ƙwan na hannunsa. Ni na miƙa hannu ta saman katanga na karɓi yaron.