Kofi biyu na myrtilles

Na ciro gaton, wato kek, daga four ɗin gashi, sai ga tsakiyarshi ta zube jagwab, kamar faten da aka zuba ma shuni. Saura awa guda in kai shi makarantar ɗiyata Nana nan Bron a Faransa, ga shi ta riga ta yi ma 'yan ajinsu alkawarin gato na myrtilles, 'yan ƙananan 'ya'yan itacen nan masu launin shuni.

Recette ɗin, wato bayanin girkin, ta Amurkawa ce, kofi biyu na myrtilles ta ce. Na bincika, na ga kofinsu guda kusan giram 150 ne, na rubuta 300 cikin littafina. Amma da yake karatuna ya tsaya a collège, sai na shiga shakkar kaina. Na kira ƙanwata Hadiza a Saint-Denis, ita da ke da Master.

"Haba Yaya, ke da balance sai ka ce mai saida zinariya! Kofi ai kofi ne. Ɗauki na shan kunu, ki cika ya yi tozo, ki ƙara gyara kamar a kasuwar Damagaram."

Na bi. Barquette biyar, 'yan robobin da ake saida su ciki, suka shige, fiye da ninkin abin da na rubuta.

Da na tura mata hoton ɓarnar, sai ta ce, "Ikon Allah! Ni fa ban taɓa yin gato ba, sayowa nike."

Nana ta tafi da gaton supermarché.

Shekarata arba'in, har yanzu ina aje awona in bi bakin mai diplôme. Ku fa, wane masani ya taɓa ɓata muku girki?