Kwalaben Japan a Shagon Kawu

Kafin in lalace, yaron shago ne ni a Peckham, wurin Kawuna da ya kawo ni Landan. Doya, manja da busasshen kifi muke sayarwa. Ko ƙwandala ban taɓa ɗaukar masa ba.

Kartun ɗin Japan ne ya ja ni, wanda ake kira anime. Ina kallo a waya na ga an fitar da sake, wato giyar shinkafa ta Japanawa, da hoton jarumar wani kartun a jikin kwalbar. Kaɗan aka yi, masoya suna ta rububi. Wani abokina ya ce, "Ba sha suke yi ba fa, a kan kanta suke jerawa don ado."

Shi ke nan, Shaiɗan ya samu ƙofa. Na samo kwalabe, na yi printing ɗin hoton, na ɗura ruwan wankin shinkafa, na liƙe, na sa online. Har yabon kaina nake, ai ni ba giya nake sayarwa ba, ruwa ne! Ku ji wauta, wai ina gudun haram alhali ina cikin zamba tsundum.

A bayan shago nake ɓoye kayan. Sau ɗaya Kawu ya tambaya, na ce, "Man gashi ne, Kawu." Ya ce, "Allah ya sa albarka."

Da zafi ya shigo, ruwan ya yi tsami, kwalabe suka riƙa fashewa a gidajen mutane. Ran Juma'a, ana tasowa daga masallaci, 'yan sanda suka fito da katan-katan daga shagon, wari ya cika titi. Da kunnena na ji wata tana cewa, "Ashe Alhaji giya yake sayarwa!" Dattijon da ko ƙofar mashaya ba ya bi.

Ni aka ɗaure, shi aka rufe wa shago.

Da na fito na same shi a wani ɗan flat a Dagenham, ya rame. Na durƙusa ina kuka. Ya ce, "Tashi, na yafe maka. Amma ni wa zai wanke ni?"

Samari, na tuba, amma wallahi tubana bai mayar masa da komai ba. Idan zuciya ta ce muku ƙaramar dabara ce, ku fara tambaya sunan wa za ta ci. Ni na gama zaman gidan yarina. Kawu kuwa, mutumin sahun farko, har yau a sahun baya yake sallah, a masallacin da ba a san shi ba.