Wa zai riƙe Baba Isa bayan Alhaji Garba?

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Alhaji Garba mai gidan burodi na unguwar Amriguébé a N'Djamena ya rasu. Da safen nan labarin ya iske ni a nan Kousseri, tsallaken kogi, inda muka yo gudun hijira, ina tsaye a layin ruwa. Har yanzu jarkata tana can, ban koma na ɗauko ba.

Baba Isa ne ya kira ni, tsohon da ke kula da tandar gidan. Layi yana ta yankewa, amma na ji shi sarai: "Sani, ƙanena ya riga ni. Kalas, shi ke nan."

Jinin Alhaji ne ya hau. An sa shi a mota za a kai shi asibiti, aka tarar an rufe hanya, aka dawo da shi gida. Na san kwana ne ya ƙare, kar wanda ya tuna min. Amma yaƙin nan ya cuce mu, kuma ban yafe ba.

Ga waɗanda ba su sani ba, Alhaji maigidana ne. Na zo N'Djamena daga Kano ba ni da ko tabarma, shi ya ba ni keke da kwandon talla. Da na ɗan tsinci Faransanci sai ya mai da ni kan kanta.

Dogo yake kirana. Kun dai san tsawona.

A ƙofar gidan burodin akwai randuna biyu da yake zuwa har ƙauyen Gaoui ya zaɓo da kansa, yana ƙwanƙwasa su da yatsa kamar mai sayen kankana. Duk wanda ya zo wucewa ya sha, ko ya sayi burodi ko bai saya ba.

Ranar sunan 'yata ta fari shi ya kawo rago. Ya ce min, "Ba kyauta ba ce, tausayin jaririyar nake ji, kar ta tashi ta ga ragon da ubanta zai iya saya."

Yana da faɗa, yana da taurin kai, ba zan ɓoye ba don ya mutu. Amma bai taɓa kwana da haƙƙin wani ba.

Abin da ya hana ni zama tun safe shi ne Baba Isa.

Ana cikin wannan yaƙin aka tsaurara dokar ma'aikata. Aka ce kowane patiron, wato maigida, dole ya yi wa mutanensa rajista, ya riƙa zuba musu kaso duk wata, don idan mutum ya tsufa ya samu retret, wato fansho. Masu gida da yawa suka ce ba za su iya ba. Wasu a unguwar Boutalbagar suka sallami yaransu, wasu suka mai da su 'yan aikin yini don kar doka ta hau kansu.

Alhaji ma ya yi mita iya mita. "Ana harbi a gari, fulawa ta yi tsada, su kuma fansho ne ya dame su." Ya gama mitarsa, ya sa aka rubuta mu duka, har mai sharar gidan.

Sai mutum ɗaya aka bari.

Ku fahimci wane ne Baba Isa. Kakanninsa sun taso aikin hajji a ƙafa, suka yada zango a N'Djamena, ba su ƙara gaba ba. A can aka haife shi. Lokacin da Alhaji ya zo garin yana saurayi, Baba Isa ne ya sauke shi a ɗakinsa, ya koya masa kwaɓa fulawa, suka gina tandar tare. Daga baya arziki ya faɗo wa ƙaramin, babban ya tsaya a bakin wuta.

Alhaji bai taɓa kiran sunansa ba, Yaya yake ce masa. Ko kuɗin wata ba ya miƙa masa hannu da hannu. A aljihun rigar tsohon da ke rataye a bango yake sakawa, shi kuma ya ɗauka, babu mai ce wa wani komai.

To ranar da jami'in ƙwadago ya zo, yana bin mu ɗaya bayan ɗaya, ya nuna Baba Isa ya ce wannan fa, me yake yi?

Alhaji ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Wannan ba ma'aikacina ba ne. Yayana ne."

Jami'in nan, Allah ya sani, bai yi ha'inci ba. Ya yi bayani da Larabci, ya maimaita: idan ɗan'uwa ne mai taya ka, babu rajista, kuma babu fansho. Ya juya wajen tsohon ya tambaye shi ko ya gane.

Baba Isa ya ce, "Na gane. Ni za a rubuta yaron Garba? Wanda na koya wa riƙe katakon fidda burodi daga tanda?"

Alhaji ya ce, "Bar shi, ranka ya daɗe. Muddin ina raye, ni ne fanshonsa."

Kowa ya ce masha Allah. Ni kaɗai na bi Alhaji har cikin sito ina surutu, ya ce, "Dogo, bokon nan naka ya fara yi maka yawa."

Muddin ina raye. Tun safe kalmar nan take min yawo a ka.

Ganina da Alhaji na ƙarshe, ranar da zan ƙetaro gada da iyalina ne. Na je sallama na same shi zaune kusa da randunan, ya rame. Wani maƙwabcinsa mai shagon katako ya rasu, magada sun sayar da wurin, tsohon mai gadinsa ya koma kwana a barandar masallaci. Abin ya taɓa shi.

Ya jawo ni kusa don kar Baba Isa ya ji. Ya ce, "Dogo, kai ne da gaskiya, amma kar ka faɗa wa kowa na ce haka. Kunya ta cuce mu, ni da Yaya. Na je ofishin fanshon na tarar da kwaɗo a ƙofa, duk sun gudu. Idan gari ya lafa ka dawo ka raka ni, a rubuta shi ko yana so ko ba ya so. Ya yi fushinsa ya huce."

Ya cika min buhu da burodi mai zafi, ya ce yara su ci a hanya.

Gari bai lafa ba.

Ɗazu na kira wani abokina da ya san dokar aiki, ina roƙonsa kamar shi ya kafa ta. Ya ce sai patiron ya sa hannu ya shaida cewa mutumin ma'aikacinsa ne. Patiron kuwa da bakinsa ya ce ba haka ba ne, kuma yau an binne shi. Abokin nawa ya ce ko kotu za a je, wace kotu ce a buɗe yanzu?

Na kira Nura, babban ɗan Alhaji, na yi masa gaisuwa. Yana kuka ya ce da zarar hanya ta buɗe za su koma Kano gaba ɗaya, za a sayar da gidan burodin a raba gado. Ban ga laifinsa ba, shi ma da ƙanne a wuyansa. Amma ɗakin da Baba Isa yake kwana a cikin gidan yake.

Kun gani ko? A wurin gwamnati ɗan'uwa ne, babu fansho. A wurin rabon gado ba jini ba ne, babu kaso. Matarsa ta rasu, Allah bai ba su haihuwa ba, Kano kuwa ko a mafarki bai san ta ba. Ni da zan ce ya zo wurina, a ƙarƙashin tanti nake da mata da yara.

Wallahi ban ga mafita ba. Na duba ta ko'ina ban gani ba.

Ku masu gida da kuke karanta wannan, idan kuna da tsoho irin wannan a shago, ranar da ofis ya buɗe ku kai sunansa. Ya zage ku, ya ƙi gaishe ku, ku daure. Ba ku san wanda zai riga wani ba.

Bayan azahar na sake kiran Baba Isa. Ina jin ƙarar itace a wuta. Ya hura tandar, wai masu zuwa ta'aziyya ba za su zauna da yunwa a gidan Garba ba.

Na faɗa masa abin da abokina ya ce, na faɗa masa maganar Nura. 

Sai ya ce, "Ni na hana shi, Sani. Kar ka bari kowa ya ga laifin ƙanena."

 Sannan ya ce, "Wanda zai sayi gidan, idan ka san shi, ka tambayar min ko yana son tsoho."



Ya Allah ka jiƙan Alhaji Garba. Ka shayar da shi kamar yadda ya shayar da masu wucewa, ka yafe masa abin da ya yi niyyar gyarawa bai samu iko ba, ka sanyaya masa makwanci. Ka kashe wutar da ke cin garin nan.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. Idan kun ɗaga hannu kar ku sauke sai kun sa Baba Isa a ciki, don shi har yanzu yana bakin tanda, kuma bai san inda zai kwana ba idan an sayar da gidan.